Yadi Dubu: Yadda Bindigar Farauta Ta Koyi Cin Nesa

Ranar 26 ga Satumba 1874, a wani fili da ake kira Creedmoor a tsibirin Long Island, gab da birnin New York, dubban mutane suka yi cirko-cirko cikin rana suna kallon maza goma sha biyu suna harbin allon ƙarfe. Shida daga Ireland suka zo, shida kuma Amurkawa ne. Allon farko yana yadi 800, na biyu 900, na ƙarshe yadi 1,000, wato mita 914. Baƙin suna riƙe da bindigogin John Rigby na Dublin, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, shi ma Rigby ɗin yana cikin masu harbin. Masu masaukin kuwa sun zo da na Remington da Sharps, masu cin harsashi ta baya. Wasu ma rigingine suke kwanciya, ƙafafu na fuskantar allon, su ɗora bututun a kan ƙafa.

Harbin ƙarshe ya faɗo kan John Bodine, wanda kwalba ta fashe masa a hannu jim kaɗan kafin nan. Ya ɗaure hannun da hankici, ya kwanta, ya danna kunama, harsashi ya sauka a tsakiya. Amurka 934, Ireland 931. Abin takaicin baƙin shi ne, tun da farko ɗayansu, Milner, ya saka harsashi a tsakiyar allon da ba nasa ba, maki huɗu suka bi ruwa.

Babu dabbar da aka harba a ranar. Na fara da ita ne don kusan duk abin da maharbin nesa yake taƙama da shi a yau, a irin wannan fili aka haife shi, daga baya ya shiga daji.

Kafin nan sai da aka warware matsala ta farko. Bindigar da kakanninmu suka sani, adaka ko bindigar toka, irin wadda 'yan kasuwar Turai suka riƙa saukewa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma har maƙeranmu suka koyi ƙera ta, cikin bututunta sumul yake. Dalma tana fita ta bi inda ta ga dama, shi ya sa ba a dogara da ita idan abin harbi ya yi nisa. Maƙeran ƙasashen Jamusawa ne, wajen ƙarni na 16, suka yawaita yi wa cikin bututu tsagu masu murɗewa, don harsashi ya fita yana juyawa. Duk yaron da ya taɓa murza katantanwa ya san sirrin: muddin tana juyi tana tsaye, da juyin ya mutu sai ta kife. Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Pennsylvania a ƙarni na 18 suka ƙara wa bututun tsawo, suka rage faɗin bakinsa don tattalin dalma da albarushi. Da yawa daga cikin bindigogin nan aikin hannun maƙeri ne, a kan odar mutum guda.

Wanda ya mai da abin lissafi shi ne Joseph Whitworth, injiniyan Manchester, mutumin da ya shahara wajen awo. Da gwamnatin Ingila ta nemi shawararsa a shekarun 1850, sai ya gina rufaffen zaure mai tsawon yadi 500 don iska kada ta shiga tsakaninsa da gwaji. Ya gano cewa siririn harsashi mai tsawo ya fi dunƙulalle cin nesa, amma sai an ƙara masa saurin juyi. A bututunsa harsashi yana cika juyi ɗaya cikin inci 20, na bindigar Enfield ta sojoji kuwa sai inci 78. A gwajin 1857 ya yi wa Enfield fintinkau. Sojoji duk da haka ba su karɓi bindigarsa ba, don ga tsada ga saurin toshewa da toka. 'Yan gasa suka rungume ta. A 1860 Sarauniya Victoria ta buɗe gasar Wimbledon da ita: an kafe bindigar a kan maɗori, ta ja igiya kawai, harsashi ya sami tsakiyar allo a yadi 400.

A daidai lokacin da ake tafi a Creedmoor, irin Sharps ɗin nan tana wani aikin a filayen yammacin Amurka. Masu neman fata sukan kwanta nesa da garken ɓauna, inda ƙarar harbi ba za ta firgita su sosai ba, su yi ta kayar da su ɗaya bayan ɗaya. Dabbar da ake lissafa ta da miliyoyi, kafin ƙarshen shekarun 1880 wadda ta rage a daji ba ta kai dubu ba. Wannan shi ne karon farko da harbin nesa ya shiga farauta gadan-gadan, kuma ba abin alfahari ya bari ba.

Daga nan abubuwa suka zo a guje. A 1884 Bafaranshe Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi, wanda ya ƙara wa harsashi gudu sosai. Aka sa wa dalma rigar ƙarfe, aka fiƙe mata baki. A 1898 Paul Mauser na Oberndorf ya fito da bindiga mai sakata da har yau ake kwaikwayo. Amurka ma da ta yi Springfield a 1903 sai da ta biya kamfanin Mauser kuɗin fasaha. A kan waɗannan sakatu biyu aka gina sana'ar bindigar oda ta zamani. Yadda mutum zai ƙi rigar kanti ya kai wa tela yadi, haka mai hali yake kai wa maƙeri ƙarfen bindigar soja, a sauya bututu, a sassaƙa ƙota daidai tsawon hannunsa da wuyansa, a gyara kunama ta yi laushi. Rigby a Landan yana yin haka da Mauser, kamfanin Griffin & Howe da aka kafa a New York a 1923 yana yi da Springfield. A 1935 Ben Comfort ya ci Kofin Wimbledon na yadi 1,000 a Camp Perry da bindigar da Griffin & Howe suka haɗa masa a kan harsashin .300 na Holland & Holland, nan take maharba suka yi caa a kan harsashin.

Sai dai kada a ɗauka maharban wancan zamani daga nesa suke harbi. Bell na Karamoja, wanda ya kashe giwaye sama da dubu, da yawansu da ƙaramar .275 ta Rigby, kusa yake zuwa ya nemi ƙwaƙwalwa. Jack O'Connor, marubucin mujallar Outdoor Life da ya yi shekaru yana yabon .270 Winchester, ragunan dutse yake bi a tsaunuka, amma shi ma ba ya son harbin ganganci. Dalili a fili yake. Ko da madubin hangen nesa ya yi araha bayan Bill Weaver ya fara sayar da nasa a shekarun 1930, ba wanda ya san ainihin tazarar da ke tsakaninsa da dabba. Ƙiyasi ake yi da ido, ido kuwa maƙaryaci ne a kan kwari da tudu.

Maganin da Roy Weatherby ya kawo daga California a 1945 shi ne gudu: a ƙara albarushi, harsashi ya miƙe, kuskuren ƙiyasi ya ragu. Ya yi kasuwa, taurarin fim suka saya. A ganina dai ya rufe ciwon ne bai warkar ba, ga dukan kafaɗa, ga bututu da ke saurin cinyewa.

Masu maganin gaskiya wasu mutane ne da ba su da kwarjini ko kaɗan, masu harbi daga kan teburi. Tun daga taronsu na Johnstown a jihar New York a 1947, burinsu guda ne: harsashi biyar ko goma su bi ta rami ɗaya. Su suka tsaya suka bi diddigin duk abin da ke sa harbi na biyu ya saɓa wa na farko. Suka lura katako yana shan danshi ya kumbura ya taɓa bututu, sai suka raba su, har takarda tana iya wucewa tsakani. Suka kwantar da ƙarfen a cikin ƙota da gam mai tauri don kada ya motsa. Suka riƙa auna albarushi ƙwaya-ƙwaya kamar masu sayar da zinariya. Ɗaya daga cikinsu, Mike Walker, injiniya ne a Remington, shi ya tsara bindigar Model 700 da ta fito a 1962. Jikinta zagayayye ne kamar bututu, mai sauƙin ɗorawa a injin gyara, shi ya sa ta zama harsashin ginin yawancin bindigogin oda na shekaru hamsin da suka biyo baya. Har kamfanonin da ke ƙera nasu sakatun a yau, da yawansu da awonta suke yi. Chet Brown da Gale McMillan suka kawo ƙotar faiba, wadda ba ruwanta da damina ko rani. Masu son katakon walnat mai zane suka ce muni gare ta, kuma gaskiyarsu, amma ba ta sauya hali. Ma'aunin da ya zama ruwan dare shi ne harsasai su taru cikin inci ɗaya a yadi 100. Ta oda ana sa ran ta yi rabin haka.

A shekarun 1980 Kenny Jarrett, maƙeri a South Carolina, ya ɗauki wannan ilimi ya kai gona. Barewa tana fitowa da yamma a can ƙarshen gonakin waken suya, fili fetal ba wurin ɓuya, sai ya riƙa haɗa wa maharba bindigogi masu daidaiton teburi da nauyin da za a iya saɓawa a kafaɗa. Har sunan gonar wake ya bi irin bindigar.

Saura tazara. Leica ta fito da madubi mai auna nisa da hasken leza a 1992, Bushnell ta kawo mai araha bayan 'yan shekaru, sai ga abin da ya gagari O'Connor ya koma danna maɓalli. Daga nan kowa ya gane ba gudu ne kan gaba ba. Idan ka san nisa, faɗuwar harsashi lissafi ce, komai yawanta. A yadi 1,000 harsashin bindigar farauta yakan faɗi kimanin mita takwas zuwa goma, sai a murza madubi a biya bashin. Abin nema ya koma dogon harsashi mai ratsa iska, abin da Whitworth ya faɗa tun da daɗewa. A 2007 Dave Emary na kamfanin Hornady da ɗan gasa Dennis DeMille suka fito da harsashi matsakaici, marar dukan kafaɗa, suka raɗa masa suna 6.5 Creedmoor, sunan da asalinsa na filin nan ne. Don gasa aka yi shi, maharba suka kwashe.

Bindigar oda ta yau bututunta na iya zama naɗe da zaren kabon don rage nauyi, ƙotarta alminiyom, ga na'urar auna iska a aljihu tana magana da waya. Kuɗinta da madubinta yakan kai dala dubbai. Duk da haka akwai abin da ba a saya. Iska mai gudun kilomita 16 a sa'a tana iya ture harsashi kimanin mita biyu a yadi 1,000, na'urar kuwa iskar inda kake tsaye kaɗai take ji, ba ta tsakiyar kwari ba. Harsashin yana shafe wajen daƙiƙa ɗaya da rabi a hanya. Wurin da ake nema a ƙirjin barewa bai wuce faɗin faifai ba, taku ɗaya ya isa ya mai da harbin ƙirji harbin ciki. Allon ƙarfe ba ya taku.

Shi ya sa gardama ta ƙi ƙarewa a tsakanin maharban Amurka. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, ta fitar da matsaya a 2014. Ba ta yanka adadin yadi ba. Abin da ta duba shi ne niyya, ko mutum yana ƙoƙarin matsawa kusa, ko kuwa yana gwada nisan da zai iya ne a jikin dabba mai rai. Masu harbin nesa suka mayar da martani cewa wanda ya yi atisaye duk shekara ya fi wanda ke ciro bindiga daga ɗaki sau ɗaya a kaka, ko da a yadi 100 ne. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Ni dai idan na karanta musun nasu, maharbin ƙasar Hausa nake tunawa, wanda yake ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓe jiki, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar tsuntsu mai kiwo, yana lura da inda iska ke kaɗawa don kada ta kai warinsa, har ya isa inda zai ji barewa tana tsinkar ciyawa.