Berklee: Makarantar Kiɗan Da Tiwa Savage Ta Yi

Ana yawan tambaya ta wai da gaske ana zuwa jami'a don karatun kiɗa da waƙa? Ana zuwa mana. Yau zan gabatar muku da ɗaya daga cikin fitattun makarantun, wato Berklee College of Music da ke birnin Boston a Amurka.

Lawrence Berk ne ya kafa ta a 1945 da sunan Schillinger House. A 1954 ta koma Berklee, sunan ɗansa Lee Berk aka juya. Tun asali kiɗan zamani ta sa a gaba, musamman jaz, lokacin da yawancin makarantu tsohon kiɗan Turawa suke koyarwa.

Digirin shekara huɗu ne. Kafin a ɗauke ka sai an gwada ka, ka rera ko ka kaɗa, sannan a yi maka tambayoyi. Ana koyar da horon kunne, wato ka ji sauti ka gane shi nan take, da rubuta kiɗa a takarda, da aikin situdiyo, da kiɗan fim, da kasuwancin waƙa.

Wannan na ƙarshen ne ya fi tsaya min a rai. Waƙa ɗaya haƙƙi biyu gare ta: na wanda ya tsara baituka da kari, da na sautin da aka ɗauka a situdiyo. Mawaƙin da bai san haka ba, sa hannu ɗaya a kwantiragi zai iya raba shi da duka biyun, waƙarsa na tashe shi kuma aljihu wayam.

Tiwa Savage ta fara yin digiri a Jami'ar Kent a Ingila, ta yi aikin banki, sannan ta tafi Berklee ta kammala a 2007. Quincy Jones kuwa ya shiga a 1951 amma bai ƙarasa ba, ya bi ƙungiyar Lionel Hampton yawon wasa. Shi ne ya haɗa wa Michael Jackson kundin Thriller na 1982. Kun ga ashe ba kwalin ne ke waƙa ba, ilimin ne.

Gaskiya akwai tsada sosai, sai dai suna ba da tallafi, kuma wasu darussansu na nan a Coursera. A gida Najeriya ma Jami'ar Nsukka na da sashen kiɗa.

Ko ba ka je ko'ina ba dai, don Allah kar ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba.