Ikhlasi da Ingancin Aƙida: Nazarin Wata Tsohuwar Muhawara a Birnin Zariya

Tsakure

Maƙalar ta duba tambayar da ta daɗe a zaurukan karatu na Zariya: tsarkin zuciyar mai imani ne ya fi nauyi, ko ingancin abin da ya gaskata? An dogara da rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da tarihin Isawa, inda aka nuna cewa hukuncin magana daban, hukuncin mai ita daban.

Gabatarwa

Daga Ƙofar Gayan zuwa unguwannin Kona da Juma, inda karatun zaure ya yi jijiya, gardamar aƙida kan tsaya a kan jimloli biyu. Wannan ya ce "Allah ya san zuciyata", wancan ya ce "kawo dalili". Abin ya ƙara zafi bayan Shehu Abubakar Gumi ya fitar da Al-Aƙidatus Sahiha a 1972, aka kuma kafa Izala a Jos a 1978. Masu neman dalili kan buga misali da marar lafiya: wanda ya je asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ya koma gida ya sha maganin da ba nasa ba, kyakkyawar niyyarsa ba za ta warkar da shi ba. Misalin ya zauna, sai dai bai amsa tambayar ko mutumin ya yi laifi ba.

Imanin muƙallidi

Tushen batun yana cikin ilmul kalami. Muhammadu Sanusi na Tilimsan (ya rasu 1490), mai Ummul Barahin da aka daɗe ana karantawa a ƙasar Hausa, ya ƙarfafa wajabcin sanin Allah ta hanyar hujja. A ƙarni na 18 wasu ɗalibai suka zarce da wannan, suna tare talakawa da tambayoyin siffofin Allah, wanda ya kasa jero hujja su kafirta shi. Shehu Usmanu (1754–1817) ya yi musu raddi a littattafai da dama, ciki har da Hisnul Afham. A wurinsa, muƙallidi, kamar manomin da ya furta shahada yana mai sakankancewa, Musulmi ne, ko da bai iya kare ta da salon malamai ba. Ya kuma saɓa wa malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, kan kafirta mai aikata babban zunubi.

Kuskure ne, a ganin mai wannan nazari, a ɗauki wannan a matsayin fifita ikhlasi a kan gaskiya. Mutumin da Shehu ya kare ya riƙi aƙidar da Shehun ke ganin ita ce daidai. Bayani ne kawai ya gagare shi. Shehun nan kuwa shi ne ya soki bautar duwatsu da itatuwa, bai karɓi kyakkyawar niyya a matsayin uzuri ba.

Isawa

A nan ne lamarin ya fi wuya. Malam Ibrahim, wani malami a Kano, ya kai ga ba Annabi Isa matsayi na musamman ta hanyar karatunsa na Alƙur'ani. An kashe shi a Kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka warwatsu. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo wurin Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, suka kafa zama a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, waɗanda suka tsira suka koma Zariya. A 1929 mishan ɗin ya tashi daga cikin ganuwa zuwa Wusasa.

Wanda ya yarda a kashe shi a kan ra'ayinsa, da wuya a zarge shi da munafunci. To amma malaman da suka ƙi ra'ayin nasa ma suna iya kasancewa masu ikhlasi. Idan ɓangarori biyu masu karo da juna duk suna da shi, ikhlasi ba zai raba gardamarsu ba; hujja ce za ta raba. Inda ikhlasi ke aiki shi ne wajen hukunta mutum. Hadisin mai ijtihadi, wanda ke samun lada ko da ya yi kuskure, yana nuni ga haka, kodayake malamai sun fi tsayar da shi a kan rassan fiƙihu. Gazali (ya rasu 1111) a Faisalut Tafriƙa ya faɗaɗa uzuri har ga wanda kiran Musulunci ya iske shi a gurɓace.

Matsaya

Saboda haka mai cewa "Allah ya san zuciyata" bai tabbatar da aƙidarsa ba, mai neman dalili kuma ba shi da iznin yanke hukunci a kan zuciyar ɗan'uwansa. Kafin a faɗaɗa wannan matsaya, ya kamata masu bincike su tace kwafe-kwafen Hisnul Afham da makamantansa, su kwatanta abin da ke Arewa House a Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello da abin da ke hannun gidajen malamai na cikin birni.