Ganɗoki Da Shaihu Umar: Mutum Biyu, Zamani Ɗaya

A shekarar 1933 Dokta East na Ofishin Fassara a Zariya ya nemi malamai su ƙaga labarai da Hausa. Cikin littattafai biyar da aka buga, biyu sun waiwayi zamanin yaƙi da bauta, watau Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Ganɗoki barde ne na Kwantagora, garin da Turawa suka ci a 1901. Abin taƙamarsa takobi da kirari. Ya yaƙi Turawa, da ƙasa ta gagara zama ya nufi gabas. Umar kuwa maraya ne, an sace shi yana ƙarami, har ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi, ya sa shi karatu. Uwarsa ta bar gida nemansa, ita ma aka bautar da ita, ta rasu bayan sun sadu. Umar bai taɓa zare takobi ba, haƙuri da ilmi suka ɗaukaka shi.

To, 'yan makaranta, mu lura. Yaƙin da ya ke abin kirari ga barde, shi ne ya ke raba uwa da ɗanta. In mun karanta Ganɗoki kaɗai, mun ji bakin mai doki, ba mu ji na wanda aka kora gaban doki ba. Saboda haka mu karanta su tare, kana mu yanke wa kakanninmu hukunci. Allah ya sa mu gane, amin.