Dujal, Magabcin Almasihu da Yaron Tadfil

A shekarar 1990 wasu marubuta biyu na Ingila, Terry Pratchett da Neil Gaiman, suka fitar da wani littafin ban dariya mai suna Good Omens, wato alamun alheri. Labarin tashin duniya ne, amma an mai da shi abin raha. Mun kawo shi cikin wannan darasi domin waɗanda ke cikinsa, mala'ika da aljani da magabcin Almasihu da mahaya huɗu, mu ma muna wa'azi a kansu, kuma ƙasar nan tamu ta Gwandu da Sakkwato ta taɓa zub da jini saboda irinsu.

Mala'ikan littafin sunansa Azirafel. Shi aka sa tsaron ƙofar gabas ta gonar Aidan, amma tausayi ya sa ya ba Adamu da Hawwa'u takobinsa na wuta da aka kore su. Yanzu yana da kantin tsofaffin littattafai a Landan, ba ya ma son a saya. Aljanin kuwa, Kurawli, shi ne macijin gonar, yana yawo cikin tsohuwar mota ƙirar Bentley. Shekara dubu shida suna zaune cikin 'yan adam har suka saba, suka ƙulla yarjejeniya kada ɗaya ya takura wa ɗaya. Da aka haifi magabcin Almasihu, sai aka yi kuskuren musayar jarirai, yaron ya tashi a wani ƙauye da ake kira Tadfil, aka sa masa suna Adam. Yana da shekara goma sha ɗaya aka aiko masa da karen jahannama, ya mai da shi ɗan kwikwiyon wasa. Mahayan huɗu babura suke hawa, kuma Annoba ta yi ritaya saboda an gano maganin fenisilin, Ƙazantar Muhalli ta gaje ta. A ƙarshe yaron ya ƙi aikin da aka haife shi dominsa, duniya ba ta tashi ba.

Wanda ya san Littafi Mai Tsarki zai ga inda aka ɗebo kowane abu, zai kuma ga inda aka karkace. Babbar karkatar ita ce an mai da sama da jahannama kamar ma'aikatu biyu masu ƙarfi ɗaya, kowace tana ɗokin yaƙi, Allah kuwa ya yi shiru a gefe. A Ayuba sura 1 da 2, Shaiɗan bai iya taɓa ko akuya ɗaya ba sai da aka ba shi izini, aka kuma sa masa iyaka. Sai dai mu yarda cewa marubutan sun sami filin wasa ne domin Nassi ya taƙaita magana. Mala'iku tsarkaka biyu kaɗai aka faɗa mana sunansu cikin littattafai 66, Jibra'ilu da Mika'ilu. Cikin mahayan Wahayin Yahaya 6, na huɗu ne kawai aka ba suna, Mutuwa. Kalmar magabcin Almasihu kuwa ba ta cikin Wahayin ko sau ɗaya. Tana cikin wasiƙun Yahaya ne (1 Yahaya 2:18, 22, 4:3, 2 Yahaya 7), kuma a can manzon ya ce suna da yawa, sun riga sun zo, daga cikin taron masu bi suka fita. Inda Nassi ya bar fuska a rufe, kowane zamani ya zana tasa.

Da aka mai da littafin fim a 2019, wata ƙungiyar Kirista a Amurka ta tara sa hannun mutum fiye da 20,000 tana neman kamfanin Netflix ya dakatar da shi. Ashe na Amazon da BBC ne. Kishi ba tare da bincike ba kenan, kuma masu ba'a sun daɗe suna cin moriyarsa.

To, mu dawo gida. Wanda ke zaune a bencin majami'a a Fagada ko Maiyama, ko yake sayar da albasa a Aliero, bai taɓa jin sunan Azirafel ba, amma yana da nasa mutanen ƙarshen zamani. Tun yana yaro ya ji labarin Dujal mai ido ɗaya, da Mahadi, da saukowar Annabi Isa don ya kashe Dujal, da Yajuju da Majuju, da Israfilu mai busa ƙaho, da Walakiri a kabari. Waɗannan daga koyarwar maƙwabtanmu Musulmi suka shiga harshen Hausa, kuma Kiristan da ya tashi da Hausa yana ɗauke da su ko bai sani ba. Idan fasto ya ce magabcin Almasihu, kunnuwa da yawa Dujal suke ji.

Wannan jira yana da tarihi a nan. Da shekarar Hijira ta 1200 ta kama, wato 1785 zuwa 1786, mutane da yawa a ƙasar Hausa suna sa ran bayyanar Mahadi. Harin da Gobirawa suka kai wa jama'ar Abdussalami a Gimbana, nan kusa da Jega, yana cikin abin da ya kai ga hijirar Shehu Usman ɗan Fodiyo zuwa Gudu a 1804, kuma wasu mabiya sun ɗauka Shehun ne Mahadi. Shi da kansa ya rubuta ya musanta. Ya kamata mu lura da wannan: an miƙa masa matsayin da zai ƙara masa mayaƙa, ya ƙi karɓa. Amma jiran bai mutu ba. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, dubbai suka bi Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya zuwa gabas, inda ake sa ran Mahadi, har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar.

Bayan shekara uku aka yi Satiru. Ƙauye ne kudu da Sakkwato, na talakawa da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu. Mai garin, Maikaho, ya kira kansa Mahadi a 1904, aka kama shi, ya mutu a tsare. Ɗansa ya gaje shi, sunansa kuwa Isa, kuma ga masu jira wannan suna kaɗai ya isa alama. Sai ga wani malami makaho, Ɗan Makaho, ya tsallako daga ƙasar da Faransa ke mulki bayan tawaye a can. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 sojan doki na Turawa suka nufi garin. Mutanen Satiru suka far musu da gatura da fartanya, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, suka ƙwace bindiga mai jigida. Ga wanda ya gaskata zamani ya cika, wace shaida ta fi wannan? Ranar 10 ga Maris rundunar Lugga ta dawo tare da dakarun Sakkwato. An kashe mutum wajen 2,000, aka rushe garin, Sarkin Musulmi ya la'anci wurin, aka zartar wa Ɗan Makaho hukuncin kisa a Sakkwato. Girgizar ta iso masarautarmu: Turawa suka tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru bisa zargin ya goyi bayan masu tawayen. Zaluncin da ya tura mutanen Satiru gaskiya ne, haraji da bauta da mulkin baƙo. Amma abin da ya sa mai fartanya ya tunkari harsashi shi ne an nuna masa mutum mai rai an ce ga wanda aka alkawarta.

Jiran nan bai kai kowa ga takobi ba. A Kano wani Malam Ibrahim ya yi ta nazarin abin da aka faɗa a kan Isa, ya tara almajirai masu jiran dawowarsa, aka kashe shi a kasuwar Kurmi wajen 1867. Mabiyansa, Isawa, suka watse zuwa wajen Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Likita Mila na CMS a Zariya, kuma daga cikinsu aka sami wasu iyalan farko na ikkilisiyar Hausa da daga baya ta zauna a Wusasa.

Kada mu ɗauka laƙaba wa mai rai fuskar ƙarshen zamani ciwon wasu ne. Martin Luther ya kira Paparoma magabcin Almasihu. A Amurka mabiyan William Miller sun tsayar da 22 ga Oktoba 1844 ranar zuwan Ubangiji, gari ya waye suna kallon juna. A kan bagadanmu ma mun ji an mai da katin shaidar ɗan ƙasa da allurar rigakafi lambar 666, an kuma kira ɗan takarar da ba a so dabbar Wahayi 13. A wurin da Kirista ba su da yawa, kuma kasuwa ɗaya muke ci da maƙwabta, irin wannan wa'azi yakan fita ƙofa kafin a gama addu'ar rufewa.

Saboda haka idan wani dattijon ikkilisiya ya zo ya tambayi fasto ko wane ne Dujal, a fara da tambayarsa wane Dujal yake nufi, kuma a ina ya ji siffarsa. Sannan a buɗe 1 Yahaya 2 tare da shi, a karanta daga aya 18 zuwa 23, a bar shi ya nemo da kansa ido ɗayan, da ƙabilar, da shekarar. Abin da zai tarar shi ne mutanen da suka taɓa zama cikin taro suna musun cewa Yesu shi ne Almasihu.