Daga Makamin Yaƙi Zuwa Kayan Wasa: Tarihin Zaɓen Ƙaramar Bindiga a Gasar Harbi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin yadda maharban gasa suka riƙa zaɓen ƙaramar bindiga, watau bindigar hannu, tun daga wasannin Olamfik na 1896 har zuwa yau. Galibi akan ɗauka cewa zaɓen ya rataya ne a kan sha'awar maharbi da nauyin aljihunsa. Takardar za ta yi ƙoƙarin nuna cewa dokar gasa ce take fara zaɓe, maƙeri ya bi bayanta da dabararsa, sa'an nan maharbi ya zaɓi abin da ya dace da hannunsa daga cikin abin da aka bar masa. Duk lokacin da doka ta juya, bindigogin da ake alfahari da su jiya sukan koma kayan ajiya.

2.0 Zamanin Libarbar Soja

A wasannin da aka yi a Atina ta ƙasar Girka cikin 1896, babu wata ƙa'ida da ƙasashe suka amince da ita game da bindigar gasa. Wasu 'yan'uwa biyu daga Amurka, John Paine da Sumner Paine, sun iso da bindigogi iri-iri domin ba su da tabbacin wadda za a karɓa. Alƙalai suka ƙi amincewa da ƙananan bindigoginsu masu harsashi lamba .22 a ɗaya daga cikin gasannin mita 25, saboda haka ɗan Girka Ioannis Frangoudis ya ci wannan. A gasar libarbar soja kuwa, John ya zo na ɗaya da maki 442, Sumner ya biyo shi da 380. Daga baya Sumner ya ci gasar mita 30 wadda ba a ƙayyade irin bindiga ba. Ke nan tun ranar farko an ga cewa gwani yana iya rasa gasa tun bai ɗaga hannu ba, idan bindigarsa ta saɓa wa sharaɗi.

Har ila yau, a wasannin Sitokholm na 1912, George Patton, wanda daga baya ya zama babban janar na Amurka, ya shiga gasar nan mai wasanni biyar da libarba mai harsashi lamba .38. An ruwaito cewa alƙalai sun nemi ramin wani harbi nasa a jikin allon bara suka rasa, suka ƙirga shi kuskure, shi kuwa yana ganin harsashin ya bi ta ramin da wani ya riga ya huda. Ya ƙare a matsayi na biyar. Ko wane ne mai gaskiya, abin lura shi ne makamin da aka ƙera domin fagen fama bai cika dacewa da aikin ƙirga maki a takarda ba.

An kafa ƙungiyar harbi ta duniya a birnin Zurik na Suwizalan cikin 1907, wadda tun 1998 ake kira ISSF. Daga nan sharuɗɗa suka fara zama bai ɗaya.

3.0 Bindigar Mita 50

Gasar da ta fi ba maƙeri 'yanci ita ce ta mita 50. Maharbi yana tsaye, ya riƙe bindiga da hannu ɗaya, ya yi harbi 60, da'irar tsakiya mai maki goma kuwa faɗinta milimita 50 ne kacal. Harsashi lamba .22 ne, watau mai kaurin milimita 5.6, kuma ɗaya-ɗaya ake ɗurawa. Doka ba ta ƙayyade nauyin bindigar ba, ba ta kuma ƙayyade taurin kunama ba, sai dai ta hana mariƙi ya tallafi wuyan hannu. Saboda haka aka riƙa sassaƙa mariƙi ya lulluɓe tafin hannu kamar safa, aka kuma sassauta kunama har taɓawa kaɗan ta isa. Kamfanin Hämmerli na Suwizalan ya yi suna a wannan fage, haka nan bindigar TOZ-35 ta Tarayyar Sobiyet, wadda maharbi Efim Khaidurov ya tsara a farkon shekarun 1960.

Torsten Ullman na Suwidin ya ci zinariya a Balin cikin 1936 da maki 559. Aleksandr Melentyev na Tarayyar Sobiyet ya kai 581 a Mosko cikin 1980, kuma sai da aka yi shekara 34 kafin Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya wuce shi da 583 a Giranada ta Sifen cikin 2014. A tsakanin waɗannan shekaru an yi ta fito da sababbin ƙira, har da masu kunamar lantarki, amma ƙarin maki biyu kawai aka samu. Wannan yana nuna mana cewa idan ƙira ta kai wani matsayi, abin da ya rage yana ga ido da numfashi da natsuwar maharbi.

4.0 Harbin Sauri: Tsere Tsakanin Doka da Maƙeri

A gasar harbin sauri ta mita 25, ana jera alluna biyar, maharbi ya harbi kowanne sau ɗaya cikin daƙiƙa takwas, sa'an nan shida, sa'an nan huɗu. Babbar matsala a nan ita ce zaburar da bakin bindiga yake yi sama bayan kowane harbi, domin kafin ya sauko lokaci ya tafi. Maƙera suka duƙufa neman maganin wannan zabura. A wasannin Melbon na 1956 'yan Tarayyar Sobiyet suka zo da bindiga MC-3, wadda aka kifa ƙirarta, bututun ya koma ƙasa daidai da tsakiyar hannu, ta yadda turin harsashi yake tafiya kai-tsaye cikin dantse. Yevgeny Cherkasov ya sami azurfa a gasar. Ba a daɗe ba aka sake doka, bindigar ta fita daga fage, kuma har yanzu sharaɗin bindigogin mita 25 shi ne tsakiyar bututu ta bi ta saman fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni.

Maƙera ba su saduda ba. Suka ci gaba da amfani da gajeren harsashi na .22 mai ƙarancin albarushi, suka huda bututu domin hayaƙi ya fita ta sama ya danne bakin bindiga, suka yi mariƙi mai zagaye hannu. Da irin waɗannan bindigogi Ralf Schumann na Jamus ya ci zinariya a 1992 da 1996 da 2004. Cikin 2005 ƙungiyar ta soke duk waɗannan, ta wajabta dogon harsashi na .22 da kunama mai taurin giram 1,000, kuma aka fara lissafin bajintar duniya daga farko. Dare ɗaya bindigogi masu tsada suka daina shiga gasar da aka ƙera su dominta.

A wannan gasa ce kuma tarihi ya ajiye mana labarin Károly Takács, sojan ƙasar Hangari, wanda gurneti ya lalata hannunsa na dama cikin 1938. Ya koya wa hagunsa harbi, ya ci zinariya a Landan cikin 1948, ya sake ci a Helsinki cikin 1952.

5.0 Hawan Bindigar Iska

Bindigar iska ta mita 10 ta shiga Olamfik a Siyol cikin 1988, inda Tanyu Kiryakov na Bulgeriya da Jasna Šekarić ta Yugoslabiya suka ci zinariya. Ƙwayar darma take harbawa mai kaurin milimita 4.5, nauyinta ba zai wuce giram 1,500 ba, taurin kunamarta ba zai gaza giram 500 ba, kuma dole ta shiga akwatin awo mai tsawon milimita 420. Da farko da sifirin take aiki, kamar samfurin Feinwerkbau 65, daga baya aka koma ga iskar gas, sa'an nan ga matsattsiyar iska a cikin ƙaramar tukunya.

Dalilan ɗaukakarta ba na fasaha ba ne kaɗai. Ƙwayarta tana da araha, kuma ɗaki mai matsakaicin tsawo ya isa filin koyo. Daɗin daɗawa, dokokin ƙasashe sun fi sassauta mata. Alal misali, bayan kisan 'yan makaranta a Dunblane ta Sikotilan cikin 1996, Birtaniya ta yi dokokin 1997 da suka haramta mallakar akasarin bindigogin hannu, har maharbanta na mita 25 suka riƙa zuwa ƙasashen waje domin atisaye. A Nijeriya ma, Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da ƙaramar bindiga cikin jerin makaman da ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa.

Bayan wasannin Riyo na 2016, aka cire gasar mita 50 daga Olamfik domin daidaita adadin gasannin maza da mata, aka maye gurbinta da gasar bindigar iska ta haɗin gwiwar mace da namiji. A Faris cikin 2024, uku daga cikin gasannin ƙaramar bindiga biyar na bindigar iska ne.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya fitar da matakai uku na zaɓe bisa jerin da tarihi ya nuna. Na farko, a san gasar da za a shiga da sharuɗɗanta na yanzu, tare da dokar ƙasa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, a yi hattara da duk ƙirar da fifikonta ya dogara ga wata kafa da doka ta bari, domin abin da ya sami MC-3 da bindigogin gajeren harsashi yana iya maimaituwa. Na uku, a duba dacewar mariƙi da nauyi da kunama ga hannun mai harbi, tun da yake shi ne zai ɗaga ta sau 60 ba tare da rawar hannu ba.

Ga malaman wasanni da hukumomin makarantu da ke tunanin shigar da wannan fanni cikin manhaja, shawarar wannan takarda ita ce a fara da bindigar iska, bayan samun izinin hukuma da ƙwararren mai koyarwa da ma'ajiya mai tsaro. Da ita ake koyon tsayuwa da saiti da sarrafa numfashi, waɗanda su ne ba su sake ba tun daga 1896, duk da sauye-sauyen da doka da maƙera suka yi ta kawowa.