Tsaunukan murjani na teku: abin da ke kashe su da yadda ake kare su

Murjanin da mata ke ɗaurawa a wuya daga teku yake fitowa, kuma asalinsa ƴar ƙaramar dabba ce. Wasu danginsa da ke zaune a ruwa mai ɗumi suna gina wa kansu ɓawo mai tauri na farar ƙasa. Idan suka mutu, sababbi su hau kan ɓawon su ci gaba da gini, har bayan dubban shekaru a samu tsauni a ƙarƙashin ruwa. Waɗannan tsaunuka ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi 25 cikin 100 na nau'o'in halittun teku a wurinsu suke samun abinci da mafaka.

Mafi girmansu yana gaɓar jihar Queensland ta Ostiraliya. Tsawonsa kimanin kilomita 2.300, wato ya ninka tafiyar Yamai zuwa Damagaram fiye da sau biyu. UNESCO ta saka shi cikin kayan gadon duniya a 1981.

Zafi ne babban makashi

A cikin jikin murjani akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke ba shi launi da mafi yawan abincinsa. Idan zafin ruwa ya ɗara na lokacin bazara da digiri 1 kawai na tsawon makonni, sai murjanin ya kore ta, ya koma fari fat. Bai mutu ba tukuna, amma yunwa ta kama shi: in ruwa ya huce da wuri ya farfaɗo, in zafin ya daɗe ya mutu. Tsaunin Ostiraliya ya yi irin wannan fari mai faɗi a 1998, 2002, 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Tazarar sai ƙara gajarta take, alhali farfaɗowa na bukatar shekara goma ko fiye.

Akwai kuma wasu matsalolin. Iskar kabon da teku ke sha tana sa ruwa tsami, ginin ɓawo ya yi wuya. Laka da takin zamani daga gonakin rake suna gurɓata ruwan gaɓa. Sai wani tauraron teku mai ƙaya da ke cinye murjani idan ya yi yawa.

Matakan kariya

Ostiraliya ta mayar da yankin gandun teku a 1975, kuma tun 2004 an hana kamun kifi a kusan kashi ɗaya cikin uku nasa. Masu nutso suna kashe tauraron mai ƙaya da allura, ana tallafa wa manoma su rage taki, masu bincike kuma suna renon murjani mai jure zafi.

Sai dai waɗannan matakai jinkiri kawai suke kawowa. Rahoton ƙwararrun GIEC na 2018 ya ce idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1,5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na tsaunukan murjani, idan kuma ta kai digiri 2, fiye da kashi 99. Ke nan makomarsu na rataye ne a kan rage ƙona gawayin ƙasa, man fetur da gaz, tare da makomar miliyoyin masunta da mazauna gaɓa da tsaunukan ke tare wa ƙarfin igiyar ruwa.