Yadda Fankoki Baƙin Juna Suka Zauna Kan Ƙarfe Ɗaya

Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 ba ta da fanka a kan ƙwaƙwalwarta. Furosesar Intel 8088 da ke cikinta ba ta ɗaukar zafin da zai tayar da hankali, fanka ɗaya tak da ke akwatin wuta ta wadatar. Sai a zamanin 486 da Pentium, a farkon shekarun 1990, aka fara ɗora wa furosesa ƙarfen zuƙe zafi da 'yar ƙaramar fanka a samansa. Daga nan zafi ya yi ta hauhawa, ƙarfen ya yi ta girma, har ya zama hasumiya mai bututun tagulla da siraran faranta, fanka ɗaya na tura iska ta gaba, wata na janye ta ta baya.

Mai irin wannan hasumiya yakan tambaya: in fanka ɗaya ta mutu, ko yana son ƙara ta biyu, dole ne ta fito daga kamfani ɗaya da ta farko? Ba dole ba ne, kuma dalilin haka yarjejeniya biyu ce.

Ta farko ita ce ta girma. Masu ƙera fanka sun tsaya kan awo kaɗan: milimita 80, 92, 120, daga baya 140, akasari da kaurin milimita 25. A fanka mai milimita 120, tazarar ramukan ƙusa milimita 105 ce, ko wa ya ƙera ta. Shi ya sa maƙalin waya na wannan kamfani yakan riƙe fankar wancan.

Ta biyu ita ce ta wuta. Da can waya uku ce: biyu na kai wutar bolt 12, ɗaya na faɗa wa babban allon kwamfuta saurin juyi. Rage gudu sai an rage ƙarfin wuta, in kuma an rage da yawa fanka ta tsaya cak. A 2004 Intel ya fitar da Pentium 4 samfurin Prescott, wanda wasu nau'o'insa ke kai wat 115, fankokinsa kuwa suka yi suna wajen ƙara. A wannan lokacin ne kamfanin ya wallafa ƙa'idar fanka mai waya huɗu, wadda ake kira PWM. Wayar ta huɗu tana ɗauke da sigina mai bugawa kusan sau 25,000 a daƙiƙa, tana umartar fanka da kason ƙarfinta da za ta yi aiki da shi. An tsara filogin yadda mai haƙori uku zai shiga mazaunin mai huɗu, kuma ƙa'idar a buɗe take ga kowa. Sauran masana'antu suka bi sahu.

Sai dai ƙa'idar ta haɗa harshe ne, ba ta haɗa hali ba. Umarnin kashi 50 cikin ɗari ba gudu ɗaya yake haifarwa ba a fankar da iyakarta juyi 1,500 ne a minti da wadda ke kai 2,000. In an haɗa su da waya mai reshe biyu, allon yana jin saurin ɗaya ne kawai, ɗayar ko ta tsaya ba zai sani ba. Kuma tunda iska ɗaya ce ke ratsa su duka, mai rauni a baya ba ta ƙara wani abin kirki, tana ma iya zama shinge. Hatsarin dai bai wuce ƙarin ƙara ko ɗan ƙarin zafi ba.

Masana'antun da kansu ba su ɗauki tagwaitaka farilla ba. Kamfanin Noctua na Ostiriya, wanda aka kafa a 2005, ya fitar da NH-D14 a 2009 da fankoki biyu masu girma daban, 120 da 140. A 2024 kuma, a NH-D15 G2, da gangan ya bambanta gudun fankokin biyu da 'yan juyi kaɗan, domin fankoki masu gudu kusan ɗaya sukan haifar da gurnani mai tashi yana sauka.

Inda 'yancin ke tsukewa yanzu shi ne wajen fitilun ado. Akwai filogin fitila na bolt 12 mai haƙori huɗu, akwai na bolt 5 mai uku, kuskuren haɗa su yana ƙona fitilun. Kamfanoni irin su Corsair da Lian Li kuma sun ƙirƙiro nasu mahaɗan da ba sa karɓar baƙo. Ga mai gyara a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, ƙurar hunturu na cinye fankoki, kayan kamfani guda kuma ba kullum ake samunsu a kasuwa ba, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Muddin filogin 2004 na nan, duk fankar da ta yi daidai da awo za ta iya ceton furosesarsa.